Tsakin Goggo Adama

Har gobe in na tuna ranar da muka sa hannu a takardar sulhu a kamfaninmu na casar shinkafa, sai raina ya ɓaci. Lokacin ni ne mai kula da injuna, kuma sakataren ƙungiyar ma'aikata.

Kafin a kawo sabon inji, mata ne ke tankaɗe shinkafa da tsince tsakuwa, yawancinsu daga unguwar Shamaki. Babbarsu Goggo Adama, mijinta ya rasu, ga jikoki huɗu a hannunta. Al'adar wurin ita ce tsaki, wato gutsattsarin shinkafar da ke zubowa ƙarƙashin rariya, na matan ne. In an tashi aiki, kowacce ta ƙulle nata a gefen zane. Ba a rubuce yake ba, mu maza kuwa ko kallo bai ishe mu ba.

Da manaja ya ce injin zai maye gurbinsu, muka kira taro. Kwamared Bitrus mai lodi ya ce a ɗura wa injin yashi kowa ya huta. Kwamared Sani na sito, wanda ya sha littattafan gurguzu, ya ce, "Inji ba shi da laifi, mai injin ne azzalumi. Ku bar 'yan jari-hujja su tara mana injuna, ranar juyin juya hali mu karɓe abinmu."

Bitrus ya ce, "Kafin ranar fa, tsakuwa za su ci?"

Awa uku ana kai ruwa rana, matan suna zaune a waje gindin dalbejiya. Babu wanda ya ce su shigo, har da ni.

Muka je wa manaja da buƙata ɗaya: kada a sallami kowa, kada a taɓa albashi. Nan take ya yarda, ya ce matan su koma shara da ɗinkin buhu. Saurin yardar nan ya isa ya farkar da mai hankali, amma muka fito muna washe baki.

Da na kai wa matan labari, Goggo Adama ta saurare ni har na gama. Ta ce, "To Isa, tsakin fa?"

Na ce, "Wane tsaki, Goggo?"

"Wanda muke tuwo da shi. Albashin nan sati biyu yake kai mu. Ka taɓa tambayar me yaran ke ci sauran kwanakin?"

Sabon injin yana ware tsaki ta bututunsa, kai tsaye cikin buhu, a sayar wa masu kiwon kaji. Ni na daidaita rariyar da hannuna. Na koma ofis a fusace. Manaja ya turo mini takardar da muka sa wa hannu, ya ce, "Sakatare, nuna mini inda kuka rubuta tsaki."

Ku da kuke shugabancin ƙungiya yanzu, ku yi musunku na aƙida, ban hana ku ba. Amma kada ku kuskura ku yi magana da yawun mutum ba ku tambaye shi abin da yake ci ba. Mun ceci aikin Goggo Adama, gaskiya ne. Shekara biyu ta yi tana ɗinke bakin buhunan tsakin nan da hannunta, ana loda wa kaji.