Hoton da Na Ɗora a Bangon Littafina Ya Kusa Sa a Kashe Bawan Allah

A lokacin da abin nan ya faru, ni malamin firamare ne a Kazaure, ina kuma taɓa rubuta labaran 'yan fashi da ɓarayin shanu. Da littattafan suka ɗan taru, sai na yi shawarar haɗa su a kwali ɗaya, mai saye ya ɗauke su gaba ɗaya. Ni kuwa Allah ya jarrabe ni da son bangon littafi. Tun ina ɗalibi nakan sayi littafi don bangonsa kawai, ko da labarin bai yi mini ba. Na ƙudura a raina cewa kwalin nan sai ya tsayar da duk mai wucewa.

Wata ranar kasuwa a Babura na hango wani makiyayi a wajen masu shanu, dogo, da rawani, ya dogara da sandarsa. Sai na ga kamar shugaban 'yan fashin labarina ne a tsaye. Na zaro waya na ɗauke shi bai sani ba. Mai tsara mini bango a Kano ya tambaya ko mai hoton ya yarda, na ce masa mutumin daji ne, a ina zai gani? Ya goge sandar ya sa masa bindiga. Na buga fastar talla da hoton, na bi Roni da Gwiwa da Yankwashi ina mannawa a tashoshi da shagunan cajin waya. Ban kawo a raina cewa da yawa ba za su karanta rubutun ba, fuska da bindiga kawai za su gani.

Ina cikin aji wani mai shagon caji ya kira ni daga Gwiwa. Ya ce in bar komai in taho, an kama mutumin jikin fastata a kasuwa, ana cewa shi ne wanda hukuma ke nema. A kwanakin an sace shanu a yankin, zukata sun ɗau zafi. Ban san yadda na kai Gwiwa a kan babur ba. Na iske an zaunar da shi a ƙasa, an ɗaure masa hannu da rawaninsa, jini na zuba daga goshinsa. 'Yan sintiri na tare jama'a, matasa na ihun a ba su shi. Na ɗaga murya na ce hoton ƙarya ne, ni na sa aka haɗa. Nan take wani ya shaƙe mini wuyan riga, ya ce ashe tare muke. Sai da mai unguwa, wani dattijo, ya tsawata aka sake ni. Na lalubo ainihin hoton a wayata, mai sanda. Dattijon ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi, wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har hayaniyar ta lafa.

Da aka kwance shi bai zage ni ba. Ya dube ni kawai ya tambaya, cikin ladabi, me ya taɓa yi mini. Na kai shi asibiti, na bi garuruwan nan na ɓamɓare fastocin, na ƙone kwalayen. Daga baya na je rugarsu neman gafara, ya ce ya yafe, amma ya daina shiga kasuwa, domin har yanzu ana nuna shi da baki, 'ya'yansa ma ana tsokanarsu.

Abin da na gane shi ne, raini ne ya sa na ɗauki fuskar mutum kamar kayan ado, don ina ganin ba shi da bakin magana. 'Yan uwana marubuta da masu tsara bango, don Allah kada ku taɓa hoton kowa sai da yardarsa. Ni na koma aji washegarin abin. Shi kuwa har yau sai dai ya aiki wani ya sayo masa gishiri.