Ranar da Na Jefi Inna

Shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa Zariya, ina saurayi, ina dakon itace da jakai a Tudun Wada. Can bayan gari, a faƙon da Fulani ke kora shanu, akwai ramukan da maƙera suka daɗe suna haƙar tama, dutsen da ake narkawa a sami ƙarfe. Da guntayen ƙarfen Turawa suka cika kasuwa sai aka watsar da haƙar, ramuka suka zauna baki buɗe. Shanu suka yi ta faɗawa, aka kai kuka, aka ce a cike su.

Cikewa fa! Rami mai zurfin rijiya wa zai cike shi da kwando, aikin ma na tilas? Mutanen da aka tara suka gitta itace a bakin masu zurfin, suka shimfiɗa kara, suka zuba ƙasa. Aka zo aka duba, aka ce madalla. Damina ta sauka, tafasa ta rufe wurin kore shar. Da can kana ganin rami ka kauce. Yanzu kuwa ko'ina ƙasa ce, gara tana ta aikinta a ƙarƙashi.

Mahaifiyata kunnenta ya yi nauyi, ga taurin kai. Na hana ta zuwa can, ta ce ita ta haife ni, ba ni na haife ta ba. Wata rana da hantsi ina dawowa da jakai na hango ta a tsakiyar filin, a duƙe tana tsinkar tafasa. Na bar jakan na nufe ta, ina sanɗa, ina salati.

Saura kaɗan in isa, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata. Na ji tsakuwa ta zube cikin rami, ta jima kafin ta taɓa ruwa. Na kwanta rub da ciki, na ja jiki baya. Inna ta ɗago ta gan ni kwance, ta zaci maciji ne ya sare ni. Ta yar da ƙwarya ta taho da gudu, tana nufo daidai bakin ramin.

"Inna, tsaya! Rami ne!"

Ina! Ba ta ji. Na ɗaga mata hannu, ta ƙara sauri. Na lalubo wani dunƙulen marmara na jefa. Gabanta na nufa, wallahi gabanta na nufa, amma a goshi ya same ta. Ta zauna daɓas, jini na bin fuskarta, tana kallona.

Na zagayo ta nesa, na goya ta har gida. Ran nan rufin bai rufta ba, sai ƙarshen damina ya tafi da wani bijimi. Na ruga na gaya mata a kunne. Ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya yi mini albarka. Amma har ta koma ga Allah, in na ɗaga hannu kusa da ita, ko ƙuda zan kora, sai ta kare fuska.