Sallamar Munkaila Riga Bakwai

A Zongon Kumasi in ka ce Munkaila sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Riga Bakwai ko mai koko da ƙosai ta san wanda kake nufi. Ƙungiyoyin ƙwallo bakwai ya buga wa cikin shekara goma sha uku, shida daga ciki duk su suka sallame shi, bai taɓa tashi da ƙafarsa ba. Ɗan baya ne mai lamba uku, aikinsa ya manne wa ɗan gefen abokan karawa ya hana shi sakat. Aiki ne marar tafi. In ka yi shi daidai ba wanda ya gan ka, in ka kuskure sau ɗaya har mai tallan gyaɗa a bakin fili sai ta ambaci uwarka.

Ubansa Kimba Bazabarme ne. Daga wajen Dosso ya gangaro a ƙafa yana bin shanu, ya ga Kumasi ta yi masa, ya zauna yana dakon goro har Allah ya karɓi abinsa. A Zongo aka haifi Munkaila, a nan aka yanka masa rago, a bayan ɗakin uwarsa aka binne cibiyarsa. Nijar a baki kawai yake jin ta. Aikin zarto ya koya don cin abinci, ƙwallo kuwa ita ce ta ci shi.

Ya fara da wata 'yar ƙungiya a Manhyia yana da shekara sha bakwai. Daga nan sai ta makanikai, sai ta Atonsu, sai ta masu haƙar zinariya a Obuasi, sai kuma wata ta unguwa. Har wata babbar ƙungiya ta taɓa ɗaukarsa wata uku, ya ɗumama benci har katakon ya san shi, sannan aka ce ya je za a neme shi. Dalilin sallamar kullum ɗaya ne: ba shi da gudu, kuma ba ya burge 'yan kallo. Duk inda aka sallame shi sai ya tafi da rigar, matarsa Habsatu ta wanke ta ninke a akwatin ƙarfe, tana yi masa tsiya wai wannan shi ne gadon da zai bar wa 'yarsu Azaratu.

Abin da ya sa ake ta ɗaukarsa bayan an kore shi kuwa, ido ne. Munkaila ba ya kallon ƙwallo, ba ya kallon ƙafa, ya ce su biyun maƙaryata ne. Amma kowane ɗan gefe yana da wani abu a jikinsa da ke tona masa asiri kafin ya juya, wani cije leɓe yake, wani sauke kafaɗa. Ka'idarsa ita ce ba ya yarda da alama sai ya gan ta sau arba'in.

Rigarsa ta bakwai ta Timber Stars ce, ƙungiyar wani injin yanka katako a Oforikrom. Mai kula da ita shi ne Brimah, akawun injin, mutum mai sanyin murya da yawan insha Allahu. Tsohon maƙwabcinsu ne. Yana saurayi aka yi sunan Munkaila, shi ma ya riƙe ƙafar ragon aka feɗe, shi ya sa Munkaila ke ce masa Baba. Ya ba shi aiki a injin, ya ba shi riga, amma ba don Allah ba. Yana da ɗa, Mutaru, ɗan shekara ashirin, mai lamba bakwai, mai gudu kamar an kunna masa wuta a gindi, yana so a samu wanda zai riƙa wasa masa shi kowace yamma. Shekara biyu Munkaila ya yi yana zama dutsen wasa wuƙa. Kuma gaskiyar magana yana son Mutaru, don ba ya da girman kai, in an kayar da shi dariya yake ya tashi.

A watan Oktoba na 1969 ya gano alamar Mutaru. In zai yanko ciki, tafin hannunsa na hagu buɗewa yake, yatsu a warwatse. In zai bi layi, hannun a dunƙule. Munkaila ya fara ƙirga. Niyyarsa in ya cika arba'in ya kira shi gefe ya gaya masa ya gyara, don an ce bayan sabuwar shekara mutanen wata babbar ƙungiya za su zo kallonsa. Yana kan talatin da ɗaya aka yi shelar dokar baƙi.

Kwana goma sha huɗu aka ba duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Da farko dariya Munkaila ya yi, ya ce ai shi ɗan gida ne. Sai aka fahimtar da shi cewa ɗan Kimba ɗan Kimba ne. Wani masani ya ce masa in yana son a duba maganarsa, ya nemo takardar wurin aiki da dattijon da zai tsaya ya shaida a nan aka haife shi. Duka biyun suna hannun Brimah, don haka Munkaila ya koma gida ya ce wa Habsatu ta kwantar da hankalinta.

Brimah ya ce ya zo gobe. Gobe ta yi, ya ce mai injin ba ya nan. Haka aka yi ta yi har kwana na goma sha biyu, ranar da kunya ta sa Brimah ya bi shi ofishin gwamnati. Suka yi layi tun hantsi har azahar. Da aka zo kansu, jami'in ya ɗago ya tambayi Brimah ko ya san inda aka haifi wannan mutum.

Brimah ya dubi ƙasa ya ce, “Massa, ni a fili na san shi. Inda aka haife shi kam, Allah masani.”

Munkaila ya juya ya fita. Daga baya ya ji cewa tun makon farko aka soke sunansa daga jerin ma'aikatan injin. Masu kare Brimah sun ce tsoro ne, shi ma kakansa daga ƙasar Mosi ya zo, ba ya son a tono. To, tsoro kowa ya ji shi a watan nan, amma akwai tsofaffin da suka tsaya wa 'ya'yan maƙwabta duk da tsoron. Abin da ya fi ƙona wa Munkaila rai shi ne maganar da aka kawo masa, wai Brimah ya ce a majalisa ai dama gwiwoyin mutumin sun ƙare, ba wata asara aka yi ba.

Aka buga masa hatimin tafiya. Motoci sun yi ƙaranci, bai samu wuri ba sai ƙarshen Janairu. Habsatu ta shiga rabar da tukwane da gado. Shi kuwa ya je kabarin ubansa ya daɗe a tsaye, ya dawo idonsa a bushe. Dattijan masallaci suka ce ya bar wa Allah. Ya ce babban hisabin ya bar wa Allah, ƙaramin kuwa da hannunsa zai ɗauka.

Da aka sa ranar zuwan mutanen babbar ƙungiyar, Lahadin farko ta Janairu, Timber Stars da 'yan Atonsu, sai Munkaila ya tafi wurin Issifu, kyaftin ɗin Atonsu, wanda suka taɓa tsaron baya tare. Suna da katin wani ɗan wasa Issaka wanda tuni ya tsallaka iyaka, hoton ya koɗe har ba a gane fuska. Da shi aka shigar da Munkaila. Kafin Juma'a duk Zongo ta ji, kuma kowa ya yanke cewa ƙafar Mutaru za a karya. Har wani maɗori ya zo kallo da karansa a jaka.

Da safen ranar Habsatu ta tare shi a bakin ƙofa. “Baban Azara, yaron bai yi maka komai ba koraa, ko kaɗan. In ka karya shi, da wane ido za mu hau mota?”

Ya ce, “Ko rigarsa ba zan taɓa ba.”

Bai taɓa ba kuwa. Ƙwallon farko da ta zo wa Mutaru, ya taho da gudunsa, 'yan kallo suka miƙe. Hannu ya buɗe. Munkaila ya matsa taku ɗaya ciki, ya tsaya, ƙwallo ta zo ƙafarsa kamar an aiko ta. Ta biyu hannu a dunƙule, ya riga shi zuwa layi. Ta uku, ta huɗu, ta goma. Tsoho mai ciwon gwiwa, ko gudu ba ya yi, sai dai Mutaru ya zo ya tarar da shi yana jira. Tun mutane na mamaki har suka koma dariya, kuma dariyar fili ta fi zagi ciwo. Mutaru ya rikice, ya fara sakin ƙwallo tun kafin a iso shi. Brimah na bakin layi yana ihu har hularsa ta faɗi. Mutanen babbar ƙungiya su biyu ne, da 'yan littattafansu a hannu. Saura minti ashirin a tashi suka rufe, suka nufi motarsu. Munkaila ya bi su da kallo har suka fita, ya ji wani sanyi a ƙirjinsa wanda rabonsa da shi tun Nuwamba.

Mutane sun ɗauka shi ke nan. Ba su san wasa ɗaya bai ishe shi ba, don ya san in ya tafi Mutaru zai farfaɗo, a sake zuwa kallonsa.

A watannin nan duk mai tafiya yakan bi gida gida ya yi sallama, ya nemi gafara, ya bar ɗan abin tunawa. Munkaila ya buɗe akwatin ƙarfe ya kwashi rigunansa. Ya je Manhyia, ya je garejin makanikai, ya koma Atonsu, har Obuasi ya hau mota ya je, bai bar ko ɗaya cikin shidan ba. Duk ƙungiyar da ya shiga, bayan an yi gaisuwa an yafi juna, sai ya ja mai lamba ukunsu gefe ya miƙa masa tsohuwar rigar, ya ce ga tsaraba, sannan ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya dunƙule, ya yi masa bayani. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ɗan baya kaɗai za a gaya wa. Wannan kuwa ba sai an rantse ba. 'Yan baya mutane ne da aka daɗe ana zagi tare, kuma ba wanda Mutaru bai taɓa kunyatawa a gaban budurwarsa ba. Shida suka gaya wa shida. Gida ɗaya ne Munkaila bai taka ba a duk Zongo, kuma kowa ya lura.

Wasa biyu Mutaru ya ƙara bugawa kafin ƙarshen wata, duka biyun wasu da ba a san sunansu ba suka sa shi a aljihu. Brimah ya kai shi wurin malamai, aka yi rubutu, aka yi turare, aka sauya takalmi. A banza.

Ranar tafiya da hantsi, an ɗaure kaya a kan babbar motar, Habsatu da Azaratu sun hau, sai ga Brimah yana ratsa mutane. Ya rame. Mutaru na can baya ya tsaya jikin wata rumfa, ya kasa ƙarasowa.

“Munkaila, ɗana,” in ji Brimah, “na yi maka babban laifi paa, na sani. Amma dubi zumuncin babanka. Mene ka gani a jikin yaron nan?”

Munkaila ya ciro riga ta bakwai daga cikin jakarsa, a wanke a ninke, ya ɗora masa a hannu.

“Baba, ni a fili na san shi. Abin da ke jikinsa kam, Allah masani.”

Ya taka taya ya hau. Direba ya tayar da mota. A lokacin ne Mutaru ya ɗaga hannu yana yi masa sallama, hannun hagu, a buɗe, yatsu a warwatse. Tausayi ya kama Munkaila. Kalma biyar ta isa, kuma daga inda yake in ya ɗaga murya za a ji. Sai ya dubi Azaratu a takure kan ƙullin kaya, za a kai ta ƙasar da ko shi bai san hanyar rijiyarta ba. Ya haɗiye maganarsa, mota ta hau titi.

A Dosso dangin ubansa suka ba shi ɗaki, ya koma aikin zarto, bai ƙara taka ƙwallo ba. Wajen ƙarshen 1970 wasiƙar Issifu ta iso ta hannun wani direban goro. Bayan gaisuwa da labarin waɗanda suka rasu, ya rubuta cewa mai injin ya gaji ya sallami Mutaru tun damina, makanikai sun ɗauke shi sun sake shi, yanzu yana wata 'yar ƙungiya a hanyar Accra, rigarsa ta uku ke nan.

Munkaila ya sa aka maimaita masa wurin. Habsatu na gefe tana tankaɗe, ta ɗago tana jiran ta ji ko zai ce Allah sarki.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ɗauki zartonsa. Ya ce, “Saura huɗu.”