Rago Mai Shuɗiyar Igiya

Shekarata ta biyu da koyarwa, a wani ƙauye kusa da Gidan Sori, manhaja ta kawo ni kan darasin da na fi ƙi: a koya wa yara cewa labari ɗaya yakan canza idan bakin da ya faɗe shi ya canza. Misalin da ke cikin littafi rigimar wasu maƙwabta ce a gidan bene. Yarana ba su taɓa ganin bene ba. Na karanta musu sau biyu, suna kallona kamar ina kiran sallah a kasuwa.

A makon nan kuwa ƙauyen yana da tasa rigimar. Ba a sakar wa dabbobi gonaki ba tukuna, wake yana nan da 'ya'yansa, sai wani manomi ya tarar an cinye masa kusurwar gona. Ya ga sawun tumaki, rugar Fulani kuma tana kusa, shi ke nan shari'a ta ƙare a wurinsa. Mai rugar ya ce in dai haka ake zama da mutane, ranar Juma'a zai tashi. Wannan ya tsaya mini a rai, don 'yarsa ce ta ɗaya a ajina, kuma da ƙyar na shawo kansa ya bar ta lakol, wato makaranta.

Sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zo wa malami idan ya ɗauki kansa mai wayo. Ɗan manomin ma yana ajina. Na ce kowannensu ya je gida ya ji labarin daga bakin mahaifinsa, gobe mu kwatanta.

Washegari na raba allo biyu. Ɗan manomi ya miƙe, har da kwaikwayon muryar ubansa: "Da sahe munka tahi gona, munka iske ɓarna. Ga sawu, ga kashin tumaki, ga guntun igiya shuɗiya a jikin ƙaya."

Yarinyar ta faɗi nata a hankali, kanta a ƙasa. Tumakinsu suna rijiya tun asuba, in ji babanta. A hanyar dawowa sun ga wani farin rago shi kaɗai, ciki ya yi tim, yana jan shuɗiyar igiya ya nufi gari.

Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ce, "Madalla! To, ina suka saɓa?" Suka lissafa, ina rubutawa. Na ce, "Ina kuma suka haɗu?"

Aji ya amsa baki ɗaya, da sunan da suke kiran malami a lakol: "Igiya, Mushe!"

Na ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar. Da na juyo, babu mai kallon allo. Duk sun zuba ido ta taga. A gindin dogon yaro, inda nake ɗaure shi kullum, ragon layyata yana tuƙa hankalinsa kwance, fari fat, da shuɗiyar igiya mai ƙulli a tsakiya. Ni na ƙulla ta da hannuna ranar Litinin, da na same shi a ƙofar ɗakina ya tsinke, ya ƙoshi har ya ƙi dusa. A ranar na ce ai zafi ne. Ban tambayi kaina komai ba, kuma na san dalilin da ya sa ban tambaya ba.

Kunya ta rufe ni. Na fara cewa igiya irin wannan cike take a kasuwa. Yarinyar ta ɗaga hannu, ita da ba ta taɓa katse ni ba.

"Mushe, allon da sauran wuri. Ka raba shi ukku."

Da la'asar na ja ragon zuwa ƙofar mai gari, ajina duka a bayana, ba wanda ya gayyace su. Aka kira manomin da mai rugar. Manomin ya yi ta faɗa, rabi a kaina, rabi a kan ragon, wanda ko a jikinsa. Mai rugar kuwa ya matso kusa da ragon. Ya dubi igiyar, ya kwance ƙullina, ya sake ƙulla ta irin tasu, ya miƙo mini.

Ranar Litinin, bayan Juma'ar ta wuce, na shiga aji da wuri, ban ko ajiye jaka ba na dubi bencin gaba. Yarinyar tana nan zaune, ta riga ta goge allo.