Ƙafar da Baba Yake Taka Keke da Ita

Shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa a Kano, wanda ya kayar da gidajen ƙasa har da katangarmu ta yamma, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Ranar Juma'ar da ta gabaci ruwan, da hantsi, ina tsugune a ƙofar shagonmu a Gyadi-Gyadi ina hura gawayin dutsen guga, sai na ji ƙarar almakashin mai yankan farce yana tahowa ta layi. Baba ya sauke ƙafarsa ta dama daga kan keken ɗinki ya miƙa masa, kamar yadda ya saba kowace Juma'a kafin ya tafi masallaci. Suna hira suna dariya, mutumin yana kankare kanta a gefen ƙaramin yatsa da 'yar wuƙarsa. Ni na fara ganin jini yana ɗiga a kan tabarma. Baba ko motsi bai yi ba. Da na nuna masa, sai ya leƙa ya ce, "Ikon Allah, ni ban ji komai ba." Mai yankan farce ya ba da haƙuri, ya danna toka a wurin, Baba ya ɗaure da ƙyallen atamfa ya sa takalmi.

Baba tela ne, Malam Idi ake ce masa, kuma da wannan ƙafa yake ciyar da mu bakwai. Ya daɗe da ciwon sukari, yana shan ƙwaya idan ya tuna, yana bari idan ya ji ƙarfi. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa ciwon yana kashe jin ƙafa a hankali. Mu yara har alfahari muke yi a filin ƙwallo cewa babanmu yana taka ƙaya bai ce wayyo ba.

Da ruwan ya zo, ya shiga shago har gwiwa. Baba ya kutsa cikinsa da ciwon nan don ya ɗaga keke a kan tebur. Bayan kwana huɗu ƙafa ta kumbura. Yayansa, Baffa Sale, wanda ba a ƙetare maganarsa a gidanmu, ya ce a gasa ta da ruwan zafi da gishiri, haka ake yi tun kakanni. Inna ta tafasa ruwa ta surka. Baba ya tsoma ƙafa ya ce, "Wannan ai ruwan wanka ne, ƙara mai zafi." Ta ƙara. Da ya fitar da ƙafar, fatar ta saɓule kamar ɓawon dafaffen dankali. Ban manta ihun Inna ba.

A asibiti aka cire yatsu biyu da suka yi baƙi. Likita ya ce ƙwaya ta daina yi masa aiki, sai allurar insulin safe da yamma. Ya kuma ce idan ciwon bai fara kamewa ba, za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ina tsaye a bakin gado Baba ya juya fuskarsa bango ya ce, "Idan aka yanke ta, da me zan taka keke?"

Ranar da aka sallame mu, wata ma'aikaciyar jinya ta biyo mu har gida. Sista Talatu ake kiranta, a Tarauni take zaune, kuma Baba ne yake ɗinka mata fararen kayan aikinta. Gajeruwa ce mai faɗa, ba ta san ta yi magana a hankali ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Inna tana tsoron allura, idon Baba kuma ya fara dishi-dishi, ba ya ganin layukan sirinji. Sai ta tsaya a kaina.

"Kai, ajinka nawa?"

Na ce uku.

"Ka iya karatu?"

Na sunkuyar da kai.

"Ba komai. Ka iya ƙirge, kana da ido. Je ka sayo mini lemo biyu."

A jikin lemon nan na koyi allura. Na soka masa ta fi sau talatin, tana buge mini hannu tana cewa, "A hankali, babanka ne, ba buhun gero ba." Ta koya mini tafasa sirinjin gilashi a ƙaramar tukunya, da ƙirga layuka da farcena har inda likita ya ce, da canza wuri kullum, yau cinya, gobe ciki, don kada naman ya yi tauri. Ba mu da firiji, saboda haka ta sa muka binne ƙaramin tulu a kasko mai yashi a bayan randa, muka ajiye kwalbar maganin a ciki. Jiƙa yashin nan sau biyu a rana ya zama aikina, kafin ma in ɗebo ruwan gida. Akwai kuma gwajin fitsari. Ana ɗiga shi a wani ruwa shuɗi cikin siririyar kwalba, a ɗora a wuta. Idan ya zauna shuɗi, lafiya. Idan ya koma kore, da sauƙi. Idan ya yi ja kamar jar ƙasa, sukari ya hau. Ban iya rubuta sakamako ba, sai nake ɗaure zare mai launin ranar a jikin ƙusa, ita kuma ta zo ta duba.

Wankin ciwon ita take yi da kanta kullum bayan la'asar, idan ta taso daga aiki, amma ruwan ni nake haɗawa, in gwada zafinsa da gwiwar hannuna. Takan ce, "Ƙafar nan ta daina magana, Habu. Kai za ka riƙa yi mata." Ta hana Baba yawo ba takalmi ko zuwa alwala ne, ta hana mai yankan farce ko tsayawa a ƙofarmu. Abokaina suna wucewa da garensu za su gonakin Tarauni satar rake da wasan langa, ina jin su daga zaure ina tafasa sirinji. Makaranta kuwa na ce zan koma idan ya warke.

Wata ranar Alhamis muka kusa rasa shi gaba ɗaya. Baba ya ɗaura niyyar azumin nafila don neman sauƙi wurin Allah, bai gaya wa kowa ba. Na yi masa allurar safe, na ajiye masa abin karin kumallo, ashe tura kwanon ya yi ƙarƙashin gado. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na shiga na tarar gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa yana rawa, yana kiran Inna da sunan ƙanwarsa. Baffa Sale ya ce iska ce, ya zauna ya fara tofi. Ni kuwa maganar Sista ce ta faɗo mini, cewa idan na ga gumi da rawar jiki sukari ne ya faɗi, in ba shi mai zaƙi muddin yana iya haɗiya. Na ruga na jiƙa sukari a kofi. Ina kai shi bakin Baba, Baffa ya damƙe mini hannu.

"Kai, ka haukace ne? Abin da yake kashe shi za ka ɗura masa?"

Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban Baffa ba, ta ce, "Yaya, sake shi. Shi aka koya wa, ba mu ba."

Ya sake ni. Baba ya haɗiya kaɗan-kaɗan. Kafin a jima idonsa ya dawo daidai, ya shafa ƙirjinsa ya ce, "Wa ya watsa mini ruwa?" Baffa ya tashi ya fita. Da yamma ya aiko mini da tsire.

Da Sista ta ji labari, duk layin sai da ya ji muryarta. "Malam Idi, ka tambayi malamin masallacinku ko Allah ya ɗora wa mara lafiya azumi! In ka sake, wallahi wani tela zan kai wa ɗinkina." Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce ya tuba.

Daga nan zare a jikin ƙusa ya fara komawa kore, sannan shuɗi. Ramin ciwon ya daina wari, jan nama ya taso daga ƙasa yana cikewa. A wata na biyar likita ya danna gefen wurin, ya daɗe yana dubawa, ya ce ƙafa ta tsira. Sista ta sa aka ɗinka wa Baba takalmi mai laushi da soso a ciki. Ranar da ya koma shago, ya ɗora ƙafar a kan keke, ya yi bisimilla ya taka. Ƙarar ta cika layi. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo, matan maƙwabta suka yi guɗa ta kan katanga, ni kuwa na tsaya riƙe da dutsen guga ina kuka ban sani ba. Shekara goma sha tara ya ƙara yana ɗinki, ya aurar da 'yan'uwana mata uku da keken nan, kuma da ƙafafunsa biyu muka kai shi makwancinsa.

Yanzu gonakin Tarauni duk sun zama benaye. Maƙwabcina mai irin ciwon Baba yana ɗan huda yatsa, na'ura ta nuna masa lamba nan take, maganinsa yana cikin firiji. Ni kuma sai da furfura ta fito mini na shiga ajin manya, kuma a littafin ajin nake rubuta wannan. Na so a ce Sista Talatu tana raye in karanta mata, ko da za ta ce na cika jan magana. Idan na zauna na ƙirga abin da ciwon nan ya ƙwace mana a shekarar, ba shi da yawa: yatsu biyu, ɗinkin wata biyar, da karatuna na aji uku.