Kujerar Makkan mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da kusan kowane matashi a Gaya ya koma zancen kirifto, kuɗin nan na intanet, mu ma iskar ta shigo mana gida, ta hannun yayana. Shi ne babba a ɗakinmu. Yana da ɗan shagon cirar kuɗi a bakin kasuwa, mutum ne mai sanyi, ko musun ƙwallo ba ya yi. Ni kuma ina aure a nan Gaya, mahaifiyarmu tana Toranke, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta.

Burinta ɗaya ne a duniya, ta ga Ka'aba. Ta yi shekaru tana kiwon tumaki, tana matsar mai tana soya ƙuliƙuli, abin da ya samu sai ta miƙa wa yayana ya ajiye mata a banki. Amma duk shekara idan ta kusa cika kuɗin kujera, sai dala ta tashi, kujerar ta ƙara gaba. Har ta sayar da 'yar gonar da ta gada a wajen iyayenta, duk da haka da saura.

Wata Juma'a yayana ya same ni a gida da fara'arsa. Ya ce ya gano maganin abin. Akwai wani nau'in kirifto da aka ɗaure shi da dala, ɗaya dala ɗaya ce kullum, ba ya hawa ba ya sauka.

Na ce, “Yaya, ba wannan ne abin da ake cewa caca ba?”

Ya ce, “Waɗancan daban. Wannan shi ne ma inda masu kirifto suke gudu su fake idan kasuwa ta rikice. Dala ce kawai a waya. In naira ta faɗi, kuɗin Inna suna nan yadda suke.”

Ya yi ta nuna min layuka kore da ja a wayarsa, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar wadda ta yi karatun abin. Wallahi ko ɗaya ban gane ba. Amma da muka je Toranke, ni ce na fi shi zaƙewa wajen yi wa Inna bayani, har da cewa ai duk duniya haka ake yi yanzu. Ta saurare mu, ta ce, “To, ku kuka yi boko. Allah Ya sa albarka.”

Da farko abin ya yi kyau. Naira tana zamewa, ajiyar Inna tana tsaye. Yayana ya lissafa ya ce bana in sha Allahu da ita za a tafi. Inna ta sa aka ɗinka mata fararen hijabai, ta riƙa zuwa wajen malamar islamiyya tana koyon yadda ake ɗawafi. Matan unguwa suka fara tsokanarta da Hajiya, tana cewa su bari sai ta dawo, amma kana ganin daɗin a fuskarta.

Bayan ƙaramar salla, ana tsakiyar zafi, yayana ya shigo gidana da rana. Ya zauna a kan tabarma bai cire takalmi ba. Na kawo masa ruwa, bai taɓa ba.

Ya ce, “Abin nan ya ɗan saki dala.”

Na ce, “Kamar yaya ya saki? Ba ka ce a ɗaure yake ba?”

Ya ce kaɗan ne, kuma a zaurensu na waya manyan masu harkar suna cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, zai koma daidai, wanda ya sayar yanzu shi ya yi asara. Ya tambaye ni ko ya fitar. Ni da ban san komai ba na ce ya bi maganar waɗanda suka sani.

Bai koma daidai ba. Kowa ya ruga zai sayar, babu mai saye. Abin da aka ce dala ne ya koma rabi, ya koma abin da ko buhun gero ba zai saya ba. Kuma bai faɗi shi kaɗai ba. Da mutane suka ga wurin fakewar ma ya rushe, sai tsoro ya kama su, suka shiga zubar da duk wani kirifto da ke hannunsu. Ɗan jarin da yayana ya sa na kansa a wani nau'in daban, wanda yake tunanin ko da shi zai cike giɓin, shi ma ya narke a makon. Samarin da ke cika bakin shagonsa da surutu kuwa, kowa ya sunkuya a kan wayarsa.

A babur ɗinsa muka tafi Toranke. Muka tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ya durƙusa nesa da ita, ya fara magana, bai kai ƙarshe ba. Ni na ƙarasa.

Ta ture ƙwaryar gyaɗar gefe. Sannan ta ce, “Duka?”

Na ce, “Duka, Inna.”

Ta yi salati a hankali. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. Ni ta kalla ta ce, “Ki gaya wa wannan ya tashi, ƙasa da zafi. Kuma kada in ji maganar nan a bakin kowa. Kawunnanku in suka ji, ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba.”

Da maƙwabta suka fara tambayar yaushe ne tafiya, sai ta ce musu gwiwoyinta ne suka matsa mata, ba za ta iya ɗawafi bana ba. Har sanda ta samo tana dogarawa idan za ta fita, ita da ke tafiya gonar mahaifinmu da ƙafarta.

Yayana ya sayar da babur ɗin, ya sake fara tara mata daga farko. Amma kujerar ta riga ta yi nisan da ba a hango ta. Damina biyu bayan haka Inna ta kwanta zazzaɓi, kwana kaɗan Allah Ya karɓi abarsa.

Ranar sadakar uku yayana ya shigo cikin gida gaida mata masu ta'aziyya. Wata tsohuwar ƙawar Inna ta riƙe hannunsa tana hawaye ta ce, “Allah sarki, ɗan albarka. Kai ka yi naka, ka tara mata komai. Ƙafa ce kawai ta hana ta.” Duk ɗakin aka ɗauka da sa masa albarka. Ya tsaya ya ce amin, amin, har suka gama. Sannan ya fita ta ƙofar baya, ya nufi wajen turken tumakin da babu komai a cikinsa. Ban bi shi ba.

Yau idan na ji yaro yana cewa wannan nau'in ba ya faɗuwa, ba na musu da shi, don har yanzu ban iya bayanin abin ba. Tambayarsa kawai nake yi, kuɗin waye a ciki. Yayana kuwa ya rufe shagon, ya koma noma a Toranke. Ya ce zai yi wa Inna aikin hajji, malamai suka ce masa sai ya fara sauke nasa tukuna. Kujera biyu ke nan yake nema yanzu, mutumin da ɗaya ta gagare shi. Kawunnanmu har gobe suna misali da shi a gaban 'ya'yansu, shi kuma ko sau ɗaya bai iya kwana a ɗakin Inna ba.