Kwamfuta Ta Tashi Majalisar Baba

"Wannan jan kuma na mene ne?" Baba ya dangwala yatsa a fuskar kwamfutar ƙanwata Rabi.

Rabi injiniya take karanta. Aikinta na kammala karatu shi ne ta zana layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi a kwamfuta, gida-gida, ta zuba adaidaita sahu da janaretoci, sannan ta saki iska ta ga inda ƙananan ƙwayoyin hayaƙi suke taruwa. Ko'ina da sauƙi, sai wuri ɗaya jawur: gindin katangar benen maƙwabcinmu, inda iska ke juyawa ta rasa hanyar fita.

Daidai nan bencin majalisar Baba yake. Ga shi tari ya ƙi barinsa tun bara.

Rabi ta yi bayani a ladabce. Baba ya ce, "Ita kwamfutar ta taɓa zama a layin nan? Ni shekarata nawa a wurin?"

Inna tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Malam, ni nake wanke fararen kayanka. Duk ranar da ka wuni a bencin nan, ruwan wankin kamar na wanke gindin tukunya."



Washegari na tarar an mayar da bencin ƙarƙashin darbejiyar bakin masallaci. Wai rana ce ta dame su.

Mun bar shi a haka. Amma jama'a, tsakani da Allah, bai kamata a sa sunan Inna a takardar shaidar Rabi ba?